Shawarwari kan zaman ƙauye da tsawon rai

A tattaunawar da muka yi kan ko zaman ƙauye na ƙara tsawon rai, kusan kowa ya kawo misalin Okinawa ta Japan da tsaunukan Sardiniya ta Italiya, inda aka san tsofaffi da kai shekara 100.

Maganar abinci ta fi ɗaukar lokaci. Mutanen Okinawa kan tsame hannu daga kwano tun ciki bai cika ba, kusan kashi 80 cikin 100, kuma a da dankalin Hausa da ganye ne yawan cimar tsofaffinsu. Wani dattijo ya ce ai mu ma mun san wannan, hadisin raba ciki uku: abinci, abin sha, numfashi.

Sai tafiyar ƙafa. Makiyayin Sardiniya kullum yana hawa da gangara bayan tumakinsa.

An yi saɓani kan wuraren hutu masu tsada da ake zuwa a kashe waya na mako guda. Ni dai ina tare da masu cewa in an dawo an koma gidan jiya, kuɗin sun tafi a banza. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja kunnenmu sosai: wanda ya koma ƙauye mai nisa da asibiti ya riƙa auna jininsa, domin hawan jini ba ya sallama.