Muhawara: A Gyara Tsohuwar Mustang Kafin a Sayar, Ko a Sayar da Ita Yadda Take?

Aminu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Ford Mustang ƙirar 1966 mai rufaffen sama, wadda na saya a hannun wani dattijo maƙwabcina a nan jihar Ohio ta Amurka da niyyar in gyara ta a hankali, amma aiki da hidimar iyali suka sha gabana, har ta daɗe a gareji ba ta tashi. Yanzu zan bar gidan, kuma inda zan koma babu wurin ajiye ta. Wani mutum ya zo ya duba ta ya taya dala 6,500, na ce albarka. Wani garejin gyaran jikin mota kuma ya yi mini ƙiyasin dala 18,000 domin sauya ƙarfen ƙasan da tsatsa ta ci da yin sabon fenti, ban da inji da kujeru. Mai tayin ya ce mini duk dalar da zan kashe a kan irin wannan mota kafin in sayar, ba za ta dawo ba. Wannan maganar tasa nake so masu sani su auna mini.

Alhaji Bashir: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Ban yarda da maganar mutumin nan ba, kuma ka lura cewa mai son saye ne ya faɗa maka ita, wanda ribarsa tana cikin ka karaya ka sallama. Sana'ata ita ce sayen motoci a gwanjo a nan Amurka ina turawa gida, kuma abin da kasuwa ta koya mini shi ne ido ke fara saye kafin aljihu. Motar da ba ta tashi, mai saye yana lissafa mafi munin abin da zai iya samu a cikinta, ya cire kuɗinsa daga tayi, alhali wataƙila batir da famfon mai ne kawai suka mutu. Mustang kuwa sunanta kaɗai yana jawo mai saye, tun ranar da Ford ya fito da ita a baje kolin duniya na New York a watan Afrilun 1964. Idan ta sha fenti tana sheƙi, injinta yana kuka lafiya, masu zuwa kallonta za su ninka, kuma inda masu taya suka yi yawa, farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Injiniya Lawal: Alhaji, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa daidai ne a kan motocin da kake turawa Kwatano da Legas, amma wannan wata kasuwa ce daban, mai saye a cikinta yakan zo da tocila da maganaɗisu na gano inda aka yi ciko a jikin ƙarfe, ya kwanta a ƙasa kafin ya kalli fenti. Ina aikin walda da gyaran jikin mota a Michigan, inda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yake cin ƙarfe kamar yadda yake yi a Ohio, don haka bari in bayyana abin da ke ba ni tsoro a ƙiyasin nan.

Mustang ta wancan zamani ba ta da shasi dabam da za a ɗaga jiki daga kansa. Jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyin motar. Saboda haka idan aka ce ƙasanta ya ruɓe, tambaya ita ce ina tsatsar ta tsaya, domin takan bi ƙarafan da ke miƙe a ƙarƙashi, ta shiga wuraren da ƙafafun gaba suke riƙe. Mafi sharrin wuri shi ne akwatin shan iska da ke gaban gilashin gaba, wanda masana'anta ba ta kare cikinsa da fenti yadda ya kamata ba. Ganye yana taruwa a ciki, ƙarfen ya huje, ruwan sama ya riƙa zuba a kan dardumar mota shekara da shekaru. Wanda ya sauya ƙasan bai gyara wannan ba, ya yi aikin banza, kuma gyara shi yana buƙatar a cire gilashi da fukafukan gaba, a huda ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa buɗe irin wannan mota na sami ɓarnar ta tsaya inda ido ya gani ba. Gyara cikakke yakan ci awa dubu ko fiye, kuma a ƙasar nan kuɗin hannun ma'aikaci ne yake cinye mutum, ba kayan gyara ba, waɗanda suke da arha da yawa ga Mustang. Malam Aminu, ka zuba ruwa a ragar da ke gaban gilashin, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga ko yana ɗiga, sannan ka karanto mana harafi na biyar a lambar motar da aka buga a ƙarfen gefen inji, ɓangaren direba.

Hajiya Maryam: Ina goyon bayan Injiniya, amma ta fuskar lissafi. Darajar tsohuwar mota tana bin ƙarancinta, kuma Mustang ta 1966 ba ta da ƙaranci: Ford ya ƙera 607,568 a wannan ƙirar, kusan 500,000 daga ciki irin ta Malam Aminu ce mai rufaffen sama, yayin da mai gangaren baya ba ta kai 36,000 ba. Kuɗin walda da fenti ɗaya ne ga dukkansu, amma abin da za a biya bayan an gama ya sha bamban ƙwarai. Harafin da Injiniya ya tambaya shi ma yana da nauyi: T na nufin injin silinda shida, C da A na nufin silinda takwas mai lamba 289, K kuma shi ne mai ƙarfin doki 271, wanda masu tarawa suke nema ido rufe.

Kamfanin inshora na Hagerty yana fitar da jadawalin farashi mai matakai huɗu, daga ta ɗaya wadda ta isa gasar baje koli zuwa ta huɗu wadda ake hawa duk da aibobinta a fili. Motar da ba ta tashi tana ƙasa da ta huɗun ma. Abin da zan ba da shawara shi ne a duba farashin mataki na uku na irin wannan mota, a cire dala 18,000, a cire kuɗin inji da birki da kujeru, a ga abin da ya rage. Kuma a duba abin da aka sayar da makamantanta a shafin gwanjon motoci na intanet mai suna Bring a Trailer ko a gwanjon kamfanin Mecum, domin kuɗin da mutane suke rubutawa a talla buri ne kawai, ciniki shi ne wanda ya faɗa.

Nura: Yayyena, ni ina ganin kada ma a wanke ta. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an sayar da ita a gwanjon Mecum a garin Kissimmee na jihar Florida, a watan Janairun 2020, kan dala miliyan 3.74, da tsatsarta da koɗaɗɗen fentinta. Ashe ke nan tsufa da kansa kuɗi ne yanzu, kuma mai tayin dala 6,500 yana so ya ci da gumin Yaya Aminu ne.

Hajiya Maryam: Nura, ƙanena, abin da aka biya a waccan mota tarihinta ne, da takardun da suka tabbatar da cewa ita ce ta fito a fim ɗin. Gaskiya ne cewa masu tarawa suna girmama motar da ta tsira da fentinta na asali, har manyan gasanni irin na Pebble Beach suna ware mata rukuni, amma ana nufin wadda aka adana ta da kyau, ƙarfenta lafiya. Wadda ƙasanta ya huje tana buƙatar aiki, kuma kowane mai saye zai cire kuɗin aikin. Abu ɗaya da na ɗauka daga maganarka shi ne kada a taɓa abin da yake na asali, kada a zubar da ko da tsohuwar kafireta ce.

Alhaji Bashir: Hajiya, lissafinki ya ginu a kan kuɗin hannu na Amurka. Muna da masu gyaran jikin mota a Kano da Kaduna waɗanda za su iya ƙera ƙarfe da guduma su mayar da mota kamar ba ta taɓa haɗari ba, kuma abin da za su karɓa ba zai kai kusa da wannan ƙiyasi ba. Me zai hana a saka ta a kwantena tare da kayan gyaranta, a yi aikin a gida, a dawo da ita?

Injiniya Lawal: Ba na raina hannun mutanenmu, Alhaji, domin a can na fara koyon sana'ar. Amma sai an biya jirgin ruwa zuwa da dawowa, a bi ta kwastan sau biyu, kuma duk ƙaramin abin da aka manta sai an aiko da shi daga nan. Bayan haka, mai saye a kasuwar nan yana tambayar wanda ya yi aikin, yana neman rasit da hotunan ƙarfen kafin a rufe shi da fenti. Sabon fenti a kan motar Ohio ba tare da waɗannan shaidu ba yana sa shi zargin cewa an cike ramuka da fila ne, wato kwaɓin da ake shafawa a rufe aibin ƙarfe, sai ya rage tayi. Akwai kuma zaɓin launi da ingancin aiki: wanda zai riƙe motar yana so ya zaɓa da kansa, shi ya sa da yawa suka fi son su saye ta tsirara, suna ganin abin da suke saye.

Malam Isa: Ina so in ƙara abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, ko an gyara ko ba a gyara ba, wajibi ne a bayyana aibi. Hadisin Hakim bin Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, ana sanya albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye kuma a shafe ta. Gyaran gaggawa domin sayarwa yana jan mutum zuwa ga rufe abin da ya kamata a gani, ko da bai yi niyya ba. Haka kuma ma'aunin tafiyar motocin nan lamba biyar gare shi, yana komawa sifiri bayan mil 99,999, don haka kada a ce wa mai saye abin da ya nuna shi ne gaskiyar tafiyarta sai da hujja. Na biyu shi ne takardar mallaka. A Ohio sai mai sayarwa ya sa hannu a gaban jami'i mai hatimin shaida kafin mallaka ta koma ga wani, kuma dole lambar da ke takardar ta dace da wadda ke jikin ƙarfe, domin farantin da ke ƙofar direba yana iya zama na wata mota idan an taɓa sauya ƙofar.

Aminu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, lambar ta fara da 6F07C, kuma ta dace da takardar, wadda take da sunana. Na zuba ruwan kamar yadda Injiniya ya ce, ya ɗiga ta ɓangaren fasinja, kuma wannan gyaran ba ya cikin ƙiyasin da aka ba ni. Saboda haka na janye daga batun walda da fenti. Zan wanke ta, in ɗauki hoton kowane wurin tsatsa har da ƙarƙashi, in tara kayan da suka zo tare da ita, in yi talla inda masu neman irinta suke.

Alhaji Bashir: Na amince a bar fenti tunda ruwa ya ɗiga, amma har yanzu ban yarda cewa duk dalar da aka kashe asara ce ba. Harafin C a lambar ya nuna silinda takwas ce, F kuma ya nuna an ƙera ta a masana'antar Ford da ke Dearborn, takardarta tsaf. Idan aka kashe 'yan ɗaruruwa injin ya tashi, mai saye ya ji kukansa da kunnensa, ba za a sake taya ta a matsayin gawa ba. Kada ka sallama ƙasa da abin da aka fara tayawa, Malam Aminu.

Injiniya Lawal: A wannan gaɓar muna tare, Alhaji, da sharaɗin kada a sa batir a murɗa makulli kai tsaye. A cire fulogogi, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da sifana a ji ko yana juyawa. Idan ya juya, a sauya baƙin mai, a ba shi fetur daga galan mai tsabta, domin abin da ke cikin tankin ya riga ya lalace kuma zai toshe kafireta. Idan ya ƙi juyawa, a bar shi haka a rubuta a talla cewa ya kama. Ko ya tashi ma, kada a fita da ita titi, saboda birkin ƙirar 1966 layi ɗaya ne, idan tiyo guda ya fashe ƙafafun huɗu duka sun rasa birki.