Mai zane da ke son buga littafinsa a Kumasi

Mai Zane, Aboabo:
Assalamu alaikum. Sana'ata zanen hotuna da rubuta allunan shaguna a nan Kumasi, kuma na kammala wani littafin yara da Hausa wanda ni na rubuta labarinsa, na kuma zana hotunansa. Shin ya fi dacewa in buga shi da kaina, ko in nemi kamfanin wallafa littattafai?

Malamin Makaranta, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a garin nan, domin marigayi Atta Kwami, wanda ya koyar da zane a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) kuma ya rasu a 2021, ya haɗa zane da rubutu, har ya wallafa littafi kan tarihin zanen Kumasi a 2013, inda ya bai wa masu rubuta alluna irinku muhimmanci. A ganina ka buga da kanka, tunda masu karatunka suna nan cikin zango da makarantun Islamiyya.

Hajiya, Nima:
Ɗana, ka fara neman lambar ISBN, wato lambar shaida da ake bai wa littafi, a ɗakin karatu na George Padmore da ke Accra. Sannan kada ka yarda a buga da yawa sai an nuna maka gwaji a takarda, saboda launin da ke fuskar kwamfuta yakan dushe idan ya hau takarda, kuma haruffan ɓ, ɗ da ƙ sukan ɓace idan nau'in rubutun da aka zaɓa bai ƙunshe su ba.

Mai Zane, Aboabo:
Na gode, Hajiya. Zan nemi gwajin kafin in biya kuɗin bugu.