Digirin nazarin ci gaban ƙasashe a Turai: riba ko asara?

Malam Bazazzage: Assalamu alaikum jama'a. Ga matsayina, mai ja ya ja. A wannan zamanin, duk matashin da ya kwashi kuɗin gidansu ya tafi Ingila yin digiri na biyu a fannin nazarin ci gaban ƙasashe ya tafka asara. Kasuwar da ake yi wa karatun ta watse. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin Amurka, zuwa Yuli an rufe USAID, hukumar ba da agajin ƙasashen waje ta Amurka. Ingila da take ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta don agaji ta sauko zuwa 0.5 a 2021, a 2025 kuma ta ce 0.3 za ta koma zuwa 2027. In ka dawo, wa zai ɗauke ka aiki?

'Yar Yerwa: Wa alaikumus salam Malam. Zancen kasuwa ban musa ba, mu a Maiduguri mun ga sallamar ma'aikata da idonmu. Amma ka manta abin da ke kora mutane zuwa karatun nan tun farko. Na daɗe ina tattara bayanai a sansanonin 'yan gudun hijira. Ni ke shiga rana, ni ke jin Kanuri da Hausa, ni ke rubuta rahoto. Sai a kawo wani yaro daga Turai da bai san bambancin gero da dawa ba, shi ne shugabana, albashinsa ya ninka nawa sau da yawa. Me ya fi ni? Takardar nan. A Majalisar Ɗinkin Duniya ma matakin aiki na P-3 digiri na biyu suke nema da gogewar shekara 5.

Malam Bazazzage: Digiri na biyu suka ce, ƙanwata, ba su ce na Ingila ba. Na ABU da na Bayero duk suna karɓa.

'Yar Yerwa: A rubuce haka ne, Malam. Wanda ya taɓa zama a teburin tantance masu neman aiki ya san takardar da ake fara ɗagawa.

Bakatsine: Ni abin da ke ba ni dariya daban ne. Baturiya mai bincike Polly Hill a Batagarawa ta zauna, nan gefen Katsina, a shekarun 1960, tana lissafa gonakin mutane da rumbunansu. Michael Mortimore a Zariya da Kano ya koyar, yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya shekara da shekaru da takin gargajiya bai mutu ba. Irin waɗannan rubuce-rubucen za a miƙa maka a can ka karanta. Wato ka sayar da gonar ubanka don ka je a ba ka labarin gonar ubanka.

Ɗan Maraɗi: Ka faɗi gaskiya, ɗan'uwa. Mu nan a shekarun 1980 manoma suka fara barin kututturan itatuwa suna tohowa a gonaki, masanin noma Tony Rinaudo yana tare da su, yau ana koyar da dabarar a jami'o'in duniya. Kuma a Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, inda Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka yi bincike mai zurfi kan dalilin da ya sa ayyukan agaji ke lalacewa in sun iso ƙauye. Ba sai an hau jirgi ba.

Hajiya Babba: To ku bari wadda ta je ta yi magana. Da tallafin karatu na tafi, shekara ɗaya. Bakatsine, labarin gonar ubanka kana da shi, gaskiya ne, amma ka iya ɗaukar bayanan gidaje dubu ka tace su, ka nuna ko rabon taki ya ƙara amfanin gona ko bai ƙara ba? Wannan na koyo. Na koyi karanta kasafin kuɗi, na koyi rubuta takardar neman tallafi da ba za a jefar ba. Ga ɗakin karatu da duk mujallar da ka nema tana nan, ga 'yan aji daga Bangladash da Kenya da Kolombiya masu fama da irin matsalarmu ta wata fuskar. Cibiyar nazarin ci gaba ta IDS da ke Sussex a Ingila tun 1966 take wannan aiki, ba wasa ba ce. Kuma Malam, ba ƙungiyoyin agaji kaɗai ke buƙatar wannan ilimi ba. Ma'aikatun tsare-tsare na jihohinmu fa? Su waye ke zama da Bankin Duniya a tattauna bashi da sunanmu?

Malam Bazazzage: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai kin taimake ni. Da tallafi kika tafi. Ni da mai biya daga aljihu nake. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam dubu 20, ban da haya da abinci da kuɗin inshorar lafiya fam 776 a shekara. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Ki buga lissafi. Albashin darakta a ma'aikatar jiha shekara nawa zai biya wannan?

Hajiya Babba: A nan ba mu da saɓani. Ko ɗan cikina ba zan bari ya sayar da fili ba. Akwai tallafin karatu na Chevening, akwai na Commonwealth, Jamus na da na DAAD. Chevening sai ka yi aikin shekara 2 kafin ka nema, kuma dole ka dawo gida ka yi shekara 2 bayan ka gama.

Auta: Yayye, ni ƙarami ne a nan amma bari in faɗi abin da ake ɓoyewa. Da yawa daga abokaina ba ci gaban kowa ya dame su ba, biza suke so. Sun zaɓi fannin ne don ana ganin shigarsa ba wuya.

'Yar Yerwa: Su ma ƙofar tana ƙuntata, Auta. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya tafiya Ingila da mata da 'ya'ya, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Bakatsine: Hajiya, tambaya ɗaya. Wannan tace bayanan da kika koya, me ya hana a koyar da shi yadda ya kamata a Bayero ko a Jami'ar Abdou Moumouni?

Hajiya Babba: Ana koyarwa, akwai malamai gwanaye. Amma je ka tambayi ɗalibin da yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da shi wata 8 a gida ko yaushe ya kare kundinsa.