Sabo da kaza ba ya hana yanka: wai wa ake gaya wa, mai wuƙa ko kazar?

Manomin Gefen Gari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni kan wata karin magana amma bari in fara ba ku labarin abin da ya jawo ta. Ina da yarinya 'yar shekara 7, bara da kaka kakarta ta wajen uwa ta ba ta sagara guda ta ce ga jarinki nan. Yarinyar nan ta ɗauki kazar kamar ƙanwarta, ita ke watsa mata tsaki da safe kafin ta tafi makaranta, ita ke kifa wa 'yan tsakin kwando da magariba, har suna ta raɗa mata wai Amarya. Sau biyu ta yi ƙyanƙyasa, na farko shirwa ta kwashe saura uku, na biyun shida suka rayu har ta yaye su. To shekaranjiya bayan isha'i wan mahaifina ya sauka daga tafiya ba sanarwa, gida ba nama, kasuwarmu kuma Wudil ce sai Juma'a, sai na ce wa ƙanena ya kamo kaza, ashe sauran duk sun haye darbejiya suna can sama ita kaɗai ce ke kwana gindin turmi a ƙofar ɗakin uwar yarinyar, ko gudu ba ta yi ba da ya miƙa hannu. Ni na yanka, yarinya tana barci. Da safe ta fito da tsakinta a hannu ta tarar da gashin a juji. Kukan da ta yi wlh har maƙwabta sun leƙo, ɗumame ma ta ƙi ci. Shi ne Innata ta ce mata ke rufe mana baki, sabo da kaza ba ya hana yanka. Uwar ba ta ce uffan ba amma tun jiya daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Abin da nake tambaya, nan ne muhallin karin maganar nan kuwa? Don ni tun da Inna ta faɗa abin bai zauna min ba.

Ɗan Kasuwar Kaji:
Nan ne muhallinta mana malam, ina kuma ya fi nan? Kaza ce, an saba da ita, an yanka. Inna ta yi daidai. Mu da muke sana'ar nan kullum sai mun ga yaro na bin uwarsa yana kuka an kawo zakaransa sayarwa, gobe ya manta.

Uwar Biyar:
Gobe ya manta inji wa? Shekarata 41 har yau ban manta ɗan akuyata da aka sayar ina Islamiyya ba.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Kafin a yi nisa, ku masu rubuta "saboda kaza baya hana yanka" ku dinga rabawa don Allah. Sabo daban, da daban. In ka haɗe su ka ce saboda kaza, ai ka ce dalilin abu kaza ke nan, kaza irin ta kaza da kaza, ba mai fuka-fuki ba, maganar ta tashi ba kai ba gindi. Haka baya ma, ba ya ne, baya ai gadon baya ne. Sannan ɗan'uwa mai sayar da kaji, karin magana in aka ɗora ta a kan ainihin abin da ta ambata ai ta daina zama karin magana, ta zama labari. Ba don kaji aka yi ta ba. Inda na san ana faɗinta shi ne alƙali ko mai unguwa ko shugaban ma'aikata ya hukunta wanda suke ci a kwano ɗaya, mutane su ce kai har da wane? sai a ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Wato sanayya ba ta hana a yi abin da ya wajaba.

Ɗan Kasuwar Kaji:
To Malam ai karrama baƙo ma wajibi ne, wan uba fa aka ce, uba ne sukutum. A ba shi tuwo da miyar kuka tsura?

Bagobirin Maraɗi:
Malam ka gahwarce ni, mu nan ba haka munka gaji jinta ba. Mu wurinmu gargaɗi ne, kuma kazar aka yi wa shi ba mai wuƙa ba. In tsoho ya ga yaro shina shisshige ma mai sarauta ko mai kuɗi, shina shiga gidansa ba sallama, shina jin ya zama ɗan gida, sai ya ce mai yaro ja da baya, sabo da kaza bai hana yanka. Ma'ana ranar da bukatarsa ta tashi kai za ya kama. Kuma ku duba labarin mai tambaya da kyau, waɗanda ba su saba ba suna bisa icce sun kwana lahiya, wadda ta saba ita anka kama don ita ce kusa da hannu. Ke nan ba hanawa kaɗai sabo bai yi ba, shi ya kai ta ga wuƙa.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Madalla Bagobiri, wannan fuskar ma tana nan ban musa ba, kuma ta fi tawa ɗaci. Magana ɗaya ce, in ta fito daga bakin mai wuƙa ta zama hanzari, in ta fito daga bakin mai kallo ta zama jan kunne. Abin lura dai a duka biyun ba a ce komai a kan mai kazar ba, don an ɗauka mai sabon shi ne mai kazar kuma shi ne mai yankan. A gidan ɗan'uwanmu kuwa mutum biyu ne, mai sabo daban mai wuƙa daban. Ina jin nan ne abin ya ƙi zauna masa.

Uwar Biyar:
Yauwa Malam Allah ya saka, abin da ke cina ke nan na rasa yadda zan faɗa. Ku maza kuna ta maganar sabo, ni maganar dukiya nake gani. Kazar nan fa ba ta maigida ba ce, kaka ce ta ba jikarta, kuma duk macen da ta tashi a ƙauye ta san me ake nufi da wannan kyautar, ba abin wasa ba ne asusu ne. Kaza ta kwanta kwana 21 ta fitar, a samu biyar shida su girma a sayar a ƙara da na farko a sayi 'yar akuya, akuya wata biyar ta haihu sau da yawa ma tagwaye, kafin yarinya ta isa aure an juya su tumaki an sayar an rage kayan ɗaki, wasu har karsana suke kaiwa. Ni gadona da katifata da kwallayena daga tumaki biyu suka fito waɗanda asalinsu kaza ce, shi ya sa ɗan akuyar da aka sayar min ba a tambaye ni ba yake min ciwo har yau, ba wai don ina shafa masa kai ba. Shirun da matarka ta yi malam ba na kaza ba ne, kyautar uwarta ce aka yanka wa dangin miji ba a ko ce mata kanzil ba. Ka yi haƙuri in na faɗi da zafi.

Manomin Gefen Gari:
Hajiya ba komai, gaskiya ce. Wlh a daren nan ban ma tuna ta wace ce ba, kaza kawai na gani.

Sabon Shiga:
Hhhh wai duk a kan kaza ɗaya ake wannan shari'ar, nawa take ma

Goggon Yara:
Kai yaro ba ka yi kiwo ba shi ya sa. Ni dai ina bayan Inna ta wani gefen, ba duka ba. Yaron da ya tashi cikin dabbobi dole ya san ƙarshensu tun da wuri, in ba haka ba kullum yana cikin makoki. Hunturu ya shigo cutar kajin nan fakat ta bi gari ka wayi gari akurki ya zama kabari, kaji suna gyangyaɗi suna zawo kore wuya ya murɗe, wa za ta yi wa kuka a nan? Mu da muka ga 2006 lokacin murar tsuntsaye da aka dinga kashe kajin gonaki ana binnewa, sabo ya hana? Amma abin da marigayi babanmu yake yi shi ne tun ranar da aka kawo dabba yake faɗin ta mece ce. Rago in ya sayo ɗan Balami bayan kaka ya ɗaure a turke sai ya tara mu ya ce wannan na layya ne, ku ba shi harawa da dusa da ruwan kanwa ku wanke shi, amma ku sani ranar salla zai tafi. Muna sonsa muna hawansa har mu sa masa suna, ranar salla mu yi ɗan hawaye da yamma mu ci soye. Ba a taɓa yi mana kwanton ɓauna ba. Wanda aka ce naka ne kuwa ko kuɗin taki ya rasa sai ya kira ka ya ce ka ara min, ko da kai ɗan shekara shida ne, kuma yana biya. To a irin gidan nan in aka ce sabo da kaza ba ya hana yanka yaro zai gane, don an gaya masa kafin wuƙa ba bayanta ba.

Ma'aikacin Dabbobi:
Goggo tunda kin ambaci fakat bari in saka baki, tana da rigakafi fa, akwai wanda ake yi a Vom kusa da Jos ana ɗiga wa kaza a ido, ku nema wajen malaman dabbobi kafin sanyi ya shigo ba sai sun fara faɗuwa ba, in ta kama ba ta da magani, barkono da ake jiƙa musu ba ya kashe ta. Kuma mai tambaya in ka sayo sabuwa daga kasuwa kada ka sake ta cikin naka nan take, ware ta kamar sati biyu ka gani, yawanci daga kasuwa ake kwaso ciwon.

Mai Kula da Zaure:
Mun gode likita, amma a dawo kan karin magana kada mu koma asibitin kaji.

Almajirin Zaure:
Ni ɗan abin da zan ƙara, masu cewa ai ɗa da dukiyarsa na ubansa ne, e hadisi ne ya zo haka, amma malamai sun yi bayani a kan bukata ne ba wai a wawushe ba, kuma ko ba komai akwai wani hadisin da ya fi dacewa da nan. Ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami ana ce masa Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi sai ya mutu, Annabi (SAW) ya same shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa me ɗan tsuntsun ya yi. Tsuntsu fa, ba a ce masa rufe mana baki ba. Ban ce Inna ta yi laifi ba, tsofaffi haka aka rene su, ta ga kukan zai kai kunnen baƙo ya ji kunya ne ta nemi kashe maganar.

Ɗan Kasuwar Kaji:
To ni duk na ji, amma a bar baƙon da yunwa ke nan? Ku faɗa min abin da zai yi da daddaren nan.

Uwar Biyar:
Ya ɗauki tocila da gora ya sauko da zakara daga darbejiya kamar yadda kowa ke yi, minti nawa ne. Ko ya leƙa ɗaki ya ce wa uwar ga halin da ake ciki, wlh da ita da kanta za ta ce a yanka gobe ta san yadda za ta lallashi 'yarta.

Bagobirin Maraɗi:
Ko shi biya da abin da ya hi. Mu nan in uba ya ci kazar ɗiya, dattawa kan ce shi maida da 'yar akuya ja, irin tamu ta Maraɗi da Sakkwato wadda hwatarta anka riƙa kaiwa ƙetaren hamada har Turawa na ce mata ta Maroko. Wasa nika yi malam, kada Hajiya ta riƙe ni da magana ta ce doka ce.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Ni da Inna za ta ji tawa, da cewa ta yi ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, tunda ga shi kukan ya jawo mana zama tun safe. Amma wannan ma wata rigimar ce, kukan hawaye ko kukar miya, a bar ta sai wani zaman.

Manomin Gefen Gari:
Salam, na dawo da bayani. Jiya Juma'a na ɗauke ta a mashin muka je Wudil ita ta zaɓa da kanta, sagara wake-wake, na ƙara mata da kuɗin ƙwan zabi guda shida in kazar ta fara kwanci a sa mata. Uwar ta sauko, har ta ce in gaishe da Hajiya mai 'ya'ya biyar. Inna kuwa cewa ta yi mun ɓata yarinya. Likita na ware ta a tsohon akurki kamar yadda ka ce. Sai dai yarinyar ta ƙi sa mata suna, tsakin ma daga nesa take watsawa ta juya, na ce ba za ki ba ta a hannu ba yadda kike wa waccan? ta ce a'a, wannan in an sake ta a bishiya za ta dinga kwana. Yau da safe na same ta gindin darbejiya tana jingina wani tsohon azara wai tsani take yi mata.