Kan da nake ginawa a Blender kullum kamar na aljani yake fitowa, ku taimaka

Mai tambaya, daga Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin abin nan ku ba ni shawara. Wata huɗu kenan ina koyon gina kan mutum a Blender, manhajar kwamfuta ta gina surori na 3D, da daddare nake yi bayan na taso daga shugul, wani lokacin har kusan asuba ina kai. Amma duk wanda na gina in ka kalle shi ta gaba ba laifi, da na juya shi gefe sai ka ga ƙeyar a baje kamar an maka masa faranti. Jiya na nuna wa ƙanwata wanda na kwana uku a kansa, har gashin gira da tamojin goshi na yi masa, ta kalla ta ce Yaya wannan aljanin wane gari ne. Hoton abokina nake bi wanda na ɗauka da jawwal, wato wayar hannu. Shin Blender ce matsalar in tara kuɗi in koma manhajar ZBrush, ko don da maus nake yi ne?

Wani daga Riyad:
Wa alaikumus salam. Ya akhi ka riƙe riyal ɗinka, Blender kyauta ce kuma ta ishe ka, in ka kai wannan kan ZBrush haka zai fito sai dai ka ƙara da biyan kuɗi. Alƙalami dai ka nema, allon zane ƙarami ma ya isa, Wacom ko Huion, ana samu a kantin Jarir, saboda yana jin nauyin hannunka maus kuwa ba ya ji.

Wani dattijo daga Makka, unguwar Shara Mansur:
Ƙanena tun daga maganar gashin gira na gane inda ciwon yake, ka fara shafe ba ka yi gini ba. Nima haka na yi ta yi. Ƙoƙon kai shi ne farko, ƙasusuwa 22 ne, 8 sun rufe ƙwaƙwalwa 14 na fuska, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwar nan ya fi girma nesa da yadda ido ke gaya maka, domin mu fuska muke kallo in muna magana da mutum shi ya sa sabon hannu ke cika fuska ya cinye ƙeya. Ta gefe tsawon kai daga goshi zuwa ƙeya ya fi faɗinsa daga kunne zuwa kunne, in naka ya zo daidai to ka rage masa baya.
Sannan ka auna wannan yanzu, ido a tsakiyar kai yake, rabin nisan da ke tsakanin tsakar ka da haɓa. Na tabbata naka sun hau sama. Fuska kuma kashi uku ce, daga inda gashi ya fara zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, ƙasan hanci zuwa haɓa. Faɗin fuska kamar ido biyar a jere, tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya. Kunne tsakanin layin gira da ƙasan hanci, kuma a bayan muƙamuƙi yake ba a kan kumatu ba.
Mu nan ghutra da hula sun ɓoye mana kawuna, in kana son ganin ƙeya iri-iri ka zo Umra ka tsaya wajen masu aski ta ɓangaren Marwa, ƙwal kwabo daga kowace ƙasa ta duniya. Kallo kawai fa, ban da ɗaukar hoton bayin Allah.

Wata daga Madina:
Baba ya gama magana, ni hoton zan ƙara a kai. Kamarar jawwal in ka matso kusa tana kumbura hanci ta tura kunnuwa baya, to ƙarya kake kwafa tun farko. Ka ja baya kamar mita biyu ko uku ka yi zum, ka ɗauki gaba da gefe da kuma tsakaninsu. A Blender ma ka danna N ka duba tazarar madubin kallo, wato Focal Length, a 50 take zuwa, ka kai ta 85 ko sama. Kuma awon nan na kashi uku ma'auni ne na farawa ba aya ba ce, yawancin darussan YouTube kan Bature suke ginawa, in abokinka namu ne karan hancinsa da kaurin leɓensa da yadda bakin ya ɗan turo gaba duk daban ne, shi za ka bi ba darasin ba.

Wani daga Jarwal, Makka:
Ni dai tambayata hukuncin surar mai rai fa, ko ta kwamfuta ba ta shiga ciki?

Wani daga Riyad:
Malamai sun yi magana a kai kuma akwai saɓani, ya tambayi malamin da ya yarda da shi, mu nan ba masu fatawa ba ne.

Mai tambaya, daga Jidda:
Na gode ƙwarai, maganar hukunci zan tambaya in sha Allah. Baba na auna wallahi idanun sun wuce tsakiya sosai, kunya ma ta kama ni. To yanzu in gyara wannan ɗin ko in sake sabo? Kuma idon kansa kullum kamar an liƙa shi yake.

Dattijon Makka:
Bar shi, sake sabo. Ka fara da ƙwallo, rimesh ɗinka, wato sake saƙa ragar jikin surar, ya zama mai gwaɓi yadda ko ka so yin gira ba za ta yiwu ba, buroshin Grab da Clay Strips kawai, ka kunna simetiri na X don abin da ka yi a dama ya fito a hagu, ka riƙa juya kan kana leƙa shi ta sama da ta ƙasan haɓa. Ka rage danna Shift ɗin nan na gogewa, shi ke mai da fuska kamar sabulun da ya jiƙa. Minti arba'in ka ajiye ka ɗauko wani, kai goma na minti arba'in sun fi maka ɗaya na kwana uku. Ido kuwa ka fara haƙa gurbinsa, ka saka ƙwallo daban a ciki, ƙwayar idon babba kusan milimita 24 ce, sai ka lulluɓa fatar ido a kanta da kaurinta, ta sama tana ɗan rufe baƙin. Wuya ma kar ka kafa shi tsaye kamar turmi, gaba yake karkata. Ka turo mana na ranar Juma'a ta gefe, ba ta gaba ba.