Takardun maganin da ake sa wa ido: hana ƙwaya suke ko wahalar da masu shago?

Baban Khalifa (famasi, Sabon Gari): Salam jama'a. Yau dai sai na faɗa ko da za a ji haushina. Duk tulin takardun nan da ake ɗora wa masu famasi a kan su tiramol da diyazefam da allurar kashe raɗaɗin nan fenta (pentazocine), wlh ba su taɓa hana yaro ɗaya shan ƙwaya a Zariya ba, mu da muka kafa allo a ƙofar shago kawai ake gasawa. Duk shekara lasisin kaina daban na shago daban a wajen PCN, hukumar da ke kula da masu famasi, ga CAC ta rajistar kamfanoni, ga harajin jiha ga na ƙaramar hukuma, ka biya ta Remita netwok ya riƙe kuɗin kana zaune kana jiran risiti, ka gama wannan kuma ga littafin DDA, wato rajistar magungunan da ake sa wa ido, yana jiranka, ko ƙwaya goma ka bayar sai ka rubuta kwanan wata da sunan mara lafiya da adireshinsa da sunan likita da nawa ya shigo nawa ya fita nawa ya rage. Shi kuma mai sayarwa a bayan tasha ko biro ba shi da shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Alhaji mai kemis, Tudun Wada: Allah ya biya ka ƙanena. Abin da ke raina ke nan tun ba yau ba.

Maman Ilham (nas): Wslm. A'a yallaɓai ban yarda ba gsky. Ni a wodi nake kwana, littafin nan da kake rainawa shi kaɗai ke sa fenta ta kai safiya a kabad. In za mu miƙa aiki sai mu biyu mun tsaya mun buɗe kabad ɗin, mu ƙirga kwalaben allura ɗaya bayan ɗaya, mai fita ta sa hannu mai shiga ta sa hannu, makullin kuma a aljihun babbar nas yake ba a rataye shi a ƙusa. In kwalba ta fashe ma ba a sharewa a zubar, sai an ajiye fasasshen an nuna. Akwai wani asibiti da na taɓa aiki, ba zan faɗi suna ba, lissafi ya riƙa ƙin daidaita duk ranar da wani ma'aikaci ya yi aikin dare, da aka bi layi-layi aka gano shi ke yi wa kansa. Ba don rubutun ba wa zai sani?

Baban Khalifa: Anti wannan cikin asibiti ne, ni maganar titi nake yi.

Ɗan Kwangila: Ni ba famasis ba ne keke nake ja, amma in maganar titi ce ku tambaye mu. Abin da yara ke sha ba daga shagon su oga yake fitowa ba, jan tiramol ɗin nan mai 225 a aljihu ake yawo da shi, wani a tiren mai tallan magani a ƙarƙashin farasitamol. Ban taɓa jin wanda ya ce bari in je famasi in sayo ba, tsada ma ba za ta bar shi ba.

Dr. Maman Sadiq (Samaru): Ɗan Kwangila ya faɗi rabin gaskiya. Tiramol da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, masu 200 da 225 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, yawanci daga Indiya a cikin kwantena, su ne kuke jin kwastan da NDLEA sun kama a Apapa ko Onne. Waɗannan kam littafin Baban Khalifa bai shafe su ba. Amma kodin fa? Kun manta 2018? Ruwan tarin nan a cikin ƙasa ake yin sa, kamfanoni masu rajista, yana da lambar NAFDAC a jiki, ta ƙofar baya ma'aikata ke fitar da shi katan-katan. Tun 2017 Majalisar Dattawa ta ce kwalba miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa ba a hana shi ba, sai da BBC ta saki rahotonta a ƙarshen Afrilun 2018, washegari 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin Isaac Adewole ya sanar da hana yi da shigo da shi. To wannan ai ba daga aljihun mai talla ya faro ba.

Baban Khalifa: Madalla ranki ya daɗe, kin kawo min hujja da kanki. Kamfanonin nan duk takardunsu a cike suke, lasisi, famit, komai, kuma kodin ɗin ya fita ya cika gari. To me takardar ta tsare?

Dr. Maman Sadiq: Ba ta tsare ba saboda ba wanda ya zauna ya karanta ta. Amfanin rubutun shi ne a haɗa, kamfani ya ce na sayar wa dila katan ɗari, a je wajen dilan a ga ɗarin ya karɓa, a bi inda ya raba su har shagonka. In aka haɗa ukun aka ga rami to nan ɓarawon yake. Mu kuma kowa rubuta nasa yake ya ajiye a durowa, mai duba shago in ya zo ya ga littafin akwai, an cike, shi ke nan ya wuce. Wannan ba dalilin daina rubutu ba ne, dalilin neman a fara karantawa ne. Kuma ba Najeriya ce ta ƙirƙiro ba, yarjejeniyar 1961 ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta sa duk ƙasa ta ba INCB, hukumar sa ido kan ƙwayoyi ta duniya da ke Biyana, lissafin mofin da fetidin ɗin da take buƙata a shekara da wanda ta yi amfani da shi. In asibitoci ba su aika nasu lissafin ba da me ƙasa za ta nemi ƙari?

Alhaji mai kemis: Hajiya ku masu boko komai sai kun kai shi Turai. Mu a nan ƙasa abin da muka sani shi ne a zo a rufe maka shago da jan kwaɗo a kan takarda ɗaya ta wuce lokaci, iyali su kwana da yunwa.

Barista: Alhaji da girmanka, kai ai maganar nan ba ta shafe ka ba, ko kuwa? Lasisin kemis na maganin da ba ya buƙatar takardar likita ne, akwai jerin abin da aka yarda ku sayar, tiramol da diyazefam da roci (ƙwayar sa barcin nan) ba sa ciki. In littafin DDA yana damunka akwai tambaya ke nan.

Ɗan Kwangila: Hahaha barista ka taɓo wajen

Alhaji mai kemis: Barista ka kiyayi bakinka, ni na haife ka. Ban ce ina sayarwa ba, sabunta lasisi nake magana, shi ma wahala ce. Kuma tunda ka tono bari in faɗa, je ka ƙauyukan Giwa da Soba ka nemo min famasi, kemis ne likita kemis ne komai.

Barista: Allah ya huci zuciyarka Baba, tsokana ce.

Malam Sani, Gyallesu: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan kasuwa ba ne malamin makaranta ne. Ɗana yana da farfaɗiya, finobab yake sha kullum da dare, magani ne mai arha ba wani abu ba. Amma sai in riƙe takardar likita da hatimi da komai in shiga shago a ce babu, in shiga na gaba a ce babu, wani ma kallon da zai min kamar ni ne ɗan ƙwayar. Wani mai shago da muka saba ya faɗa min gaskiya, ya ce malam ba wai babu a kasuwa ba ne, ribar ba ta kai ciwon kan rubutun da tsoron masu kame ba shi ya sa na daina ajiyewa. Yaron nan in ya tsallake kwana biyu faɗuwa yake, ranar nan a bakin murhu ya faɗi Allah ne ya tsare. Ni ban san wa ke da gaskiya a cikinku ba amma wannan shi ne abin da muke gani.

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya malam.

Baban Khalifa: Amin. To kun ji dai, kuma ba zan ɓoye ba ni ma na daina ajiye fenta. Masu sikila suna zuwa cikin dare ciwo ya tashi, na san da gaske suke, amma takardar likitan bogi ta yi yawa, yaro zai je shagon kwamfuta ya buga kan takardar asibiti ya sassaƙa hatimi, in na bayar ta zama ta ƙarya ni za a kama ba shi ba, babu wata lamba da zan kira in tabbatar likitan nan akwai shi. To in bar ta mana in huta.

Dr. Maman Sadiq: A nan kam ina tare da kai, kuma abin ya fi haka muni a wajen masu ciwon daji. Ku je asibitin koyarwa na Shika ku ga mutanen da ake kawowa daga jihohin arewa ciwo ya ci jiki, abin da ya rage a yi musu shi ne a rage raɗaɗi, mofin kuma ba maganin da famasi zai ɗaga waya ya yi oda ba ne, ta hannun ma'aikatar lafiya ta tarayya yake fitowa, asibiti sai ya cike takardu ya kawo lissafin na baya kafin a ba shi sabo. Mara lafiya ya koma ƙauye maganin ya ƙare shi ke nan. Amma duba ɗaya gefen, binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, da hukumar ƙididdiga suka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara ɗaya, miliyan 4.6 a cikinsu irin su tiramol da kodin ne, wato maganin asibiti ba wiwi ba, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Da wannan adadin wace gwamnati ce za ta ce a sassauta?

Baban Khalifa: Ban ce a sake ba ranki ya daɗe. A rage maimaici. Takardar shaidar kammala karatuna ba ta canzawa, shagona bai tashi daga inda yake ba, me ya sa kowane ofis sai na sake kai masa abu ɗaya? Na taɓa kai fayil wani ofis a Kaduna aka ce ba a gan shi ba in sake haɗo wani, na rufe shago na bi hanya a banza. A yi wuri ɗaya a intanet, dila ya shigar da abin da ya ba ni, ni in shigar da abin da na bayar, likita ya tura takardarsa ta nan, wanda ke son dubawa ya duba daga kujerarsa.

Ɗan Kwangila: Da wace wutar oga? 😂

Baban Khalifa: Da wayar da kake min dariya da ita. POS ai ba ya jiran NEPA.

Barista: Kusan abin da aka so yi da Kano ke nan ai. Farkon 2024 bayan hukuncin kotun tarayya aka rufe shagunan 'yan magani na Sabon Garin Kano sama da dubu aka ce su koma cibiyar Dangwauro, nan kan hanyarmu in za ka shiga Kano, don duk sari ya bi ƙofa ɗaya inda NAFDAC da PCN ke zaune. 'Yan kasuwa sun yi ta kukan tsadar shago a can. Ko ya rage ƙwaya a titi ku da kuke sari ku za ku faɗa.

Alhaji mai kemis: Ya dai ƙara mana kuɗin kaya. Kuma tunda yau ranar tone-tone ce, barista ka tambayi su famasis ɗin labarin masu ba da hayar lasisi. Mutum yana aiki a Abuja ko Legas lasisinsa na rataye a shagon wani ɗan kasuwa a nan, an rubuta shi ne mai kula da shago, bai san ko ƙofar ina take kallo ba, ƙarshen shekara a tura masa kuɗinsa. Takardu cif-cif, yaro ɗan sakandare ne a kan kanta. Irin wannan shagon wa ke cike littafin?

Maman Ilham: Alhaji ya rama 😂

Dr. Maman Sadiq: Akwai su Alhaji, ba mai musu, kuma laifi ne da ake iya ƙwace lasisi a kansa. Sabuwar dokar PCN da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ƙara musu ƙarfi a kan shagunan magani gaba ɗaya har da na kemis. Sai dai mai duba shago in ya zo sau ɗaya a shekara kuma an san ranar zuwansa, ai famasis ɗin zai hau mota ya zo ya sa farar riga ya zauna.

Baban Khalifa: To kin gani. Shi mai haya da ni takardarmu iri ɗaya ce a fayil, ni da nake tsaye a kanta daga safe har goman dare.

Dr. Maman Sadiq: A fayil ɗaya ne, a littafin DDA ba ɗaya ba ne in da mai ƙirga abin da ke kabad ya haɗa da abin da aka rubuta. Ka kai maganar maimaicin taron ACPN, ƙungiyarku ta masu shagon famasi, ni zan mara maka baya, amma in ka tashi ka ce a soke littafi ni ce ta farko da za ta ce a'a. Malam Sani ka turo min hoton takardar likitan ta bayan fage, akwai shaguna biyu a Samaru da na san suna ajiyewa.

Malam Sani: Na gode Hajiya, yanzu kuwa.

Alhaji mai kemis: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba, wa ke cike littafin a shagon mai haya?