Hular net ta saƙar kwarashi, tamu ce ko baƙuwa ce?

Ƴar Mabera:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah tambaya gareni. Wagga hular net da ake saƙawa da kwarashi, wadda muke tura kitso ciki kafin mu ɗaura kallabi, tamu ce tun asali ko daga waje ta zo? Na ga ta dawo yayi har da masu duwatsu, kuma ina son in koyi saƙarta, wane zare ya fi?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ita ragar gashi tsohuwa ce ƙwarai, a Denmak an tono kabarin wata mata da ya wuce shekara 3000 anka tarar da raga bisa kanta, matan Girka na da ma suna sawa, sai dai ba da kwarashi suka saƙa ba don shi kwarashi sai wajen 1820 ya fara bazuwa a Turai. Matan Ingila sun yi yayinta sosai wajen 1860 zamanin Sarauniya Biktoriya, ta lafa, sai yaƙin duniya na biyu (1939 zuwa 1945) ya maido ta, mata sunka shiga aikin masana'antu dole a tattare gashi kada inji ya fizge shi, ga yadi ya yi wuya, ita ko zare kaɗan take ci.

Inna mai saƙa:
Ɗiyata bar ulu wallahi, da wanga zahi na Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu in kika sa ta ulu kitson kwana biyu ne zai fara tsami. Nemi zaren auduga siriri da kwarashi mai lamba 2 ko 2.5, duk akwai Babbar Kasuwa. Daga tsakiyar kai ake farawa, ki yi ɗan zobe sannan ki riƙa zagayawa da sarƙa biyar biyar kina maƙalawa, ramukan na buɗewa da kansu, in ta kai faɗin faranti sai ki zura roba a baki. Robar nan kada ki matse ta, ita ka cinye gashin goshi, na ga yara da yawa gabansu ya koma baya saboda haka.

Ummu Sudais:
Gaskiya Inna. Ni dai mai duwatsun nan ban so, in ka ɗora hijabi sai su yi ta sukar kai, kuma suna kama zaren hijabin. Baƙa marar ado ta fi min, ko da hunturu tana riƙe kitso kada ya yamutse.

Ƴar Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Inna faranti wane, na shinkafa ko ƙarami? kitsona na da tsawo.